Babi na Uku: Sa Idon Majalisar Dokoki a kan Kwalejin Aikin Gona da Yadda ya Shafi Birnin Kudu da Gwaram

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda majalisar dokoki take sa ido a kan halin da kwalejin koyon aikin gona take ciki da kuma bukatunta. An ɗauki Jihar Jigawa a matsayin misali, an kuma tsaya a kan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram domin a ga yadda wannan aiki yake shafar manomin da ke nesa da harabar makarantar. Za a fara da taƙaitaccen bayani a kan yankin, sannan a dubi ma'anar sa ido da madogararsa a tsarin mulki. Daga nan za a zo kan aikin kwalejin da bukatunta, da hanyoyin da majalisa take bi wajen duba su, da kuma matsalolin da suke rage wa aikin ƙarfi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kwalejin aikin gona tana tafiya ne da lokacin damina da na rani, ita kuwa gwamnati tana tafiya da shekarar kasafin kuɗi, kuma duk sa idon da bai lura da waɗannan lokuta biyu ba amfaninsa kaɗan ne ga ɗalibi da manomi.

3.1 Yankin Birnin Kudu da Gwaram

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga watan Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka sanya Dutse ta zama babban birninta. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar, wato Dutse da Haɗeja da Kazaure da Gumel da Ringim. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin masarautar Dutse, a kudancin jihar, inda ta yi iyaka da Jihar Bauci. A ƙidayar jama'a ta 2006, ƙaramar hukumar Birnin Kudu tana da mutane sama da 300,000, ta Gwaram kuma sama da 250,000. Wannan ya sa suke cikin ƙananan hukumomi mafi yawan jama'a a jihar.

Sana'ar akasarin mutanen yankin ita ce noma da kiwo. Da damina ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi, a fadamu kuma shinkafa. Da rani masu gonakin bakin rafi suna yin lambu, su shuka tumatir da albasa da tattasai. Kasuwar Sara da ke ƙasar Gwaram tana cikin manyan kasuwannin hatsi da dabbobi na wannan sashe. Yankin ya daɗe da sanin aikin gona na zamani, domin tun a shekarun 1960 masu bincike daga Samaru sun yi nazari a kan garken shanun Bunaji na cibiyar kiwo ta gwamnati da ke Birnin Kudu.

Ta fuskar siyasa, ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta ba jihar gwamnoni biyu: Ali Sa'ad Birnin Kudu, daga 1992 zuwa 1993, da Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015. Majalisar Dokokin Jihar tana da kujeru 30. Birnin Kudu tana da ɗaya, ƙaramar hukumar Gwaram kuwa tana da biyu, wato mazaɓar Gwaram da ta Fagam. Makarantar da gwamnatin jihar ta keɓe domin koyar da aikin gona tana Haɗeja ne, a arewa maso gabas. An san ta da Kwalejin Aikin Gona ta Binyaminu Usman, kafin daga baya a ɗaga matsayinta ta koma kwalejin kimiyya da fasaha. Ke nan, tsakanin manomin kudancin jihar da wannan makaranta akwai tafiya mai nisa, kuma wakilinsa a majalisa shi ne yake da ikon yi mata tambaya a madadinsa.

3.2 Ma'anar Sa Ido da Madogararsa

Idan aka ce sa idon majalisa, ana nufin bin diddigin yadda ɓangaren zartarwa yake aiwatar da dokokin da majalisa ta yi, da yadda yake kashe kuɗin da ta amince a kashe. Majalisa ba ta gina aji, ba ta sayen tarakta, ba ta ɗaukar malami. Aikinta shi ne ta tambayi wanda aka ɗora wa yin waɗannan abubuwa ko ya yi, da nawa ya yi, kuma yaushe ya yi.

Wannan iko ba ya samuwa sai a mulkin farar hula. Majalisar farko ta Jihar Jigawa ta fara zama a 1992, sojoji suka rushe ta a watan Nuwamba na 1993, ba a sake samun wata ba sai a 1999. Tsarin Mulkin 1999 shi ne madogarar aikin a yanzu, kuma sassan da suka fi shafar wannan batu su ne kamar haka:

(a) Sashe na 103 ya ba majalisar jiha damar kafa kwamitoci daga cikin 'ya'yanta domin wani aiki na musamman ko na gaba ɗaya. A nan ne kwamitin aikin gona da na ilimi mai zurfi da na kasafin kuɗi suka samo asali.

(b) Sashe na 120 da na 121 sun tanadi cewa ba za a fitar da kuɗi daga baitulmalin jiha ba sai da amincewar majalisa, kuma gwamna ne zai gabatar mata da ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa.

(c) Sashe na 125 ya ɗora wa babban mai binciken kuɗi na jiha nauyin miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan babban akanta, ita kuma ta miƙa shi ga kwamitinta mai kula da asusun gwamnati.

(d) Sashe na 128 ya ba majalisa ikon gudanar da bincike a kan ma'aikata ko hukuma ko wani jami'i. Manufar binciken guda biyu ce: yin doka ko gyara wadda take da aibi, da kuma tona cin hanci ko sakaci ko almubazzaranci wajen aiwatar da doka da kashe kuɗin da aka ware.

(e) Sashe na 129 ya ba ta ikon neman shaida, da rantsar da mai ba da shaida, da aika sammaci, har ma da ba da takardar kamo wanda ya ƙi amsa kira ba tare da uzuri ba.

Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya irin wannan iko a kan hukumomin gwamnatin tarayya. Saboda haka, kwalejin da jiha ta kafa tana ƙarƙashin idon majalisar jiha, ta tarayya kuma tana ƙarƙashin idon Majalisar Dattawa da ta Wakilai. Abin lura a nan shi ne, wannan iko yana da iyaka. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta yanke wa kowa hukunci. Abin da take yi shi ne ta tono gaskiya, ta ba da shawara, ta gyara doka, ta ƙara kuɗi ko ta rage.

3.3 Aikin Kwalejin Aikin Gona

Koyar da aikin gona a makaranta ya daɗe a Arewacin Nijeriya. Kwalejin Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samo tushe tun a shekarun 1920, kuma a yau tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tare da ta Kabba da ta kiwon dabbobi da ke hanyar Mando a Kaduna. Daga baya jihohi suka kafa nasu, kamar Kwalejin Audu Baƙo da ke Ɗambatta a Jihar Kano. Manufarsu duka ɗaya ce, wato samar da ma'aikata matsakaita, waɗanda za su tsaya tsakanin mai bincike da manomi. Su ne ake kira malaman gona. Mai bincike yana iya fitar da irin dawa mai jure ƙuduji ko irin wake mai saurin nuna, amma idan babu malamin gona da zai kai shi ƙauye, ya shuka a gonar gwaji manoma su gani da idonsu, irin zai zauna a ɗakin ajiya. A Jigawa, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara, wadda aka fi sani da JARDA, ita ce babbar mai amfani da irin waɗannan ma'aikata.

A wasu ƙasashe ma majalisa ce ta aza harsashin irin wannan ilimi. A Amurka, majalisar dokoki ta yi doka a 1862 wadda ta ba jihohi filaye domin kafa kwalejojin aikin gona, ta yi wata a 1887 ta kafa tashoshin gwaji, sannan ta yi wata a 1914 ta kafa aikin malaman gona. Darasin da ke cikin wannan shi ne, an ɗaure koyarwa da bincike da isar da saƙo ga manomi wuri ɗaya, kuma doka ce ta ɗaure su.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedkwatarta take Kaduna, ita ce take tantance kwasa-kwasan difloma da babbar difloma a waɗannan kwalejoji. Jami'anta sukan duba yawan malamai da iliminsu, da ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗakin karatu, da gona da kayan aiki, kafin su amince da kwas. Idan makaranta ta gaza, ana iya janye amincewar, kuma ɗalibi ne yake ɗaukar asarar, domin takardar shaidar da ya samu daga kwas marar amincewa ba ta da daraja wajen neman aiki ko ƙarin karatu.

3.4 Bukatun Kwalejin

Bukatun kwalejin aikin gona sun bambanta da na sauran makarantu. Makarantar koyon shari'a ko ta harsuna tana iya tafiya da aji da allo da littattafai. Ita kuwa wannan, rabin karatunta a gona yake. Ana iya kasa bukatun nata gida huɗu.

Na farko shi ne fili da ruwa. Ana bukatar gona mai shinge wadda aka san iyakarta, mai takardar mallaka, domin gari yakan ci filin makaranta a hankali idan babu mai tsare shi. Ana kuma bukatar rijiyar burtsatse ko madatsar ruwa da injin ban ruwa, saboda a koya wa ɗalibi noman rani a aikace.

Na biyu shi ne kayan aiki: tarakta da garma da injin feshi da injin casa, tare da makanikin da zai gyara su da kuɗin sayen kayan gyara. Sau da yawa abin da yake tsayar da tarakta ƙaramin ƙarfe ne, amma idan ba a tanadi kuɗinsa ba sai ta shekara a kan duwatsu.

Na uku shi ne dabbobi da abincinsu da magungunansu. Shanu da tumaki da awaki da kaji da kifi suna cin abinci kullum, ko an saki kuɗi ko ba a saki ba. Garken da aka yi shekaru ana tarawa yana iya lalacewa cikin 'yan watanni idan harawa da dusa da allurar rigakafi suka yanke.

Na huɗu shi ne mutane: malamai masu ƙwarewa, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da leburorin gona, da kuma ɗakunan kwanan ɗalibai, musamman mata. Wannan na ƙarshe ya fi shafar iyalan da suke nesa. Uba a Fagam ko Sara zai yi wuya ya tura 'yarsa karatu har Haɗeja idan bai tabbatar da inda za ta kwana ba.

Har ila yau, akwai batun inda kuɗin yake fitowa. Dokar da ta kafa asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, a 2011, ta taƙaita tallafin ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horar da malamai na gwamnati. Kwalejojin fanni ɗaya, irin na aikin gona, ba su shiga ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa wasu jihohi suka mayar da kwalejojinsu na aikin gona zuwa na kimiyya da fasaha. Sauyin yana buɗe ƙofar samun gine-gine da horar da malamai, amma yana tattare da haɗari, domin sababbin fannoni masu arhar koyarwa da yawan ɗalibai suna iya danne fannin noma, wanda yake da tsada. Ya zama wajibi majalisa ta riƙa tambaya, bayan irin wannan sauyi, nawa ne daga cikin ɗalibai da malamai da kuɗin makarantar suka rage a fannin da aka kafa ta dominsa.

3.5 Hanyoyin da Majalisa Take Bi

Hanya ta farko ita ce dokar da ta kafa makarantar. A cikinta ake fayyace manufarta, da yadda za a naɗa hukumar gudanarwarta, da yadda za ta riƙe kuɗin da ta samu daga kuɗin makaranta da sayar da amfanin gona. Duk wani babban sauyi, kamar canza suna ko matsayi, sai ya bi ta zauren majalisa.

Hanya ta biyu ita ce kare kasafi. Bayan gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi, shugaban makarantar da ma'ajinta sukan bayyana a gaban kwamiti su yi bayanin abin da suka nema. Kasafin yakan kasu uku: albashi, da kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da kuɗin manyan ayyuka. A nan akwai bambanci tsakanin abin da aka ware da abin da aka saki. Misali, a ce an ware wa makaranta naira miliyan 100 domin manyan ayyuka, amma baitulmali ta saki miliyan 30 kawai. A takarda makarantar ta samu 100, a ƙasa kuwa 30 ta gani. Kwamitin da bai nemi a nuna masa abin da aka saki a bara ba, kafin ya amince da na bana, yana gini ne a kan adadin da babu shi.

Hanya ta uku ita ce ziyarar gani da ido. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma wannan ita ce hanyar da jama'a suka fi sani, domin ita ce ake ji a rediyo. 'Yan kwamiti sukan je makarantar, shugabanta ya karanta jawabin maraba haɗe da jerin bukatu, a zagaya da su, su yi alkawarin kai rahoto. Ziyarar tana da amfani idan an je da takardun kasafi a hannu, ana gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa: ga kwangilar rijiya a takarda, ina rijiyar, kuma tana ba da ruwa?

Hanya ta huɗu ita ce rahoton binciken kuɗi. A nan akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Sashe na 125 bai ba babban mai binciken kuɗi na jiha ikon bincikar asusun hukumomin da doka ta kafa kai tsaye ba. Abin da ya ba shi shi ne ya ba su jerin ƙwararrun masu bincike su zaɓa daga ciki, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma riƙa yin duba lokaci lokaci. Tun da kwaleji tana cikin irin waɗannan hukumomi, ya rage ga kwamitin kula da asusun gwamnati ya tabbatar cewa ana binciken asusunta kowace shekara, kuma rahoton yana isowa majalisa.

Hanya ta biyar ita ce koke da sauraron ra'ayin jama'a. Ɗalibai da ƙungiyoyin malamai da na manoma suna da damar rubuta koke su miƙa ta hannun wakilinsu. Ɗan majalisa kuma yana iya gabatar da ƙudiri a zaure a kan wani abu na gaggawa, kamar ɓarnar ambaliya irin wadda ta auka wa sassa da dama na jihar a 2022.

3.6 Muhimmancin Lokaci

Shekarar kasafin kuɗi tana farawa ne a watan Janairu ta ƙare a Disamba. Idan ba a amince da kasafi a kan lokaci ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗi har tsawon wata shida gwargwadon kasafin bara, amma sababbin ayyuka sai su jira. Ita kuwa gona tana da nata lissafi. Ana sharar gona da kai taki tun kafin ruwa ya sauka, a yi shuka wajen watan Yuni, a yi noman farko da maimai a Yuli da Agusta, a yi girbi daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga nan a shiga noman rani, wanda alkama a cikinsa take bukatar a shuka ta da shigowar sanyi.

Idan aka saki kuɗin iri da taki da man tarakta a watan Satumba, a littafin akanta an biya makarantar haƙƙinta na shekara, babu wanda zai ce an yi laifi. Amma ɗaliban wannan shekara sun rasa aikin damina baki ɗaya, kuma mai karatun difloma shekara biyu kawai yake yi. Wanda ya rasa damina ɗaya ya rasa rabin aikin gonar da zai yi a makarantar. Irin wannan ɗalibi ne za a tura Gwaram ko Birnin Kudu ya koya wa dattijon da ya yi shekara arba'in yana noma, kuma manomi ba ya daɗewa bai gane wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Da zarar ya gane, ya daina sauraronsa, har da shawarar da take daidai.

Wannan ya nuna cewa tambayar "nawa aka saki?" ba ta wadatar ba, sai an haɗa ta da "a wane wata aka saki?" Haka kuma lokacin ziyara yana da tasiri. Kwamitin da ya je a watan Disamba, gab da kare kasafi, zai ga gine-gine da kara a gona, ba zai iya sanin ko an yi noma yadda ya kamata ba. Wanda ya je a Agusta zai ga shukar da idonsa, wanda ya koma a Fabrairu kuma zai ga ko injin ban ruwa yana aiki da kuma halin da dabbobi suke ciki.

3.7 Matsalolin da ke Rage wa Aikin Ƙarfi

Matsala ta farko ita ce dogaron majalisa da ɓangaren zartarwa. Wanda yake jiran a ba shi kuɗin mai kafin ya fita bincike, da wuya ya matsa wa mai ba shi. An yi gyaran tsarin mulki a 2018 domin ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu. Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarni na 10 a 2020 domin tilasta aiwatarwa, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, sannan aka sake wani gyaran a 2023. Wannan kai da komo ya nuna irin wuyar da al'amarin yake da ita. Idan kuma makarantar da aka je bincika ita ce ta ɗauki nauyin masauki da abincin kwamiti, bakin masu tambaya ya riga ya yi nauyi.

Ta biyu ita ce rabuwar nauyi. Kwalejin aikin gona tana da ƙafa ɗaya a ilimi, ɗaya a noma. Kwamitin ilimi mai zurfi yana iya duba azuzuwa ya bar gona, kwamitin aikin gona kuma ya ɗauka makarantar ba tasa ba ce. Maganin wannan shi ne zaman haɗin guiwa na kwamitocin biyu.

Ta uku ita ce rashin komawa. Akan rubuta rahoto, a karanta a zaure, a amince da shawarwari, daga nan sai a ajiye. Bayan shekara huɗu sababbin wakilai su zo, su yi wata ziyarar, a karanta musu jerin bukatun da aka karanta wa na baya. Akawun kwamiti da ma'aikatan majalisa su ne za su iya riƙe wannan tarihi, idan an horar da su an kuma adana takardu.

Ta huɗu ita ce fifita abin da ake gani. Sabon gini yana da ranar buɗewa da allon suna, abincin kaji da gyaran injin kuwa ba su da su. Shi ya sa akan samu makaranta da sabon ɗakin taro, gonarta kuma babu shinge. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa za su ware wa aikin gona kashi 10 cikin 100 na kasafinsu, amma ko an cika wannan adadi, sai majalisa ta duba cikinsa ta ga abin da ya tafi wajen horar da mutane.

3.8 Rabon Birnin Kudu da Gwaram

Akwai ɗabi'ar ɗaukar makaranta a matsayin ta garin da aka gina ta. Wannan kuskure ne, domin da kuɗin jiha baki ɗaya ake tafiyar da ita. Wakilan Birnin Kudu da Gwaram da Fagam suna da haƙƙin yin tambayoyi aƙalla guda uku. Ta farko, ɗalibai nawa ne daga mazaɓunsu suke samun shiga kowace shekara, maza nawa mata nawa? Ta biyu, cikin waɗanda suka gama, nawa ne aka ɗauka aikin malamin gona aka turo yankin? Ta uku, abin da ake koyarwa ya dace da ƙasar kudu?

Tambaya ta uku tana bukatar ƙarin bayani. Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, mai fadamu da yashi, kuma matsalolinta sun haɗa da ambaliya da ciyawar kacala mai toshe hanyoyin ruwa da tsuntsayen jan baki. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram kuwa tana da duwatsu da tuddai, ta fi samun ruwan sama, kuma manominta ya fi fama da zaizayar ƙasa da ƙuduji da gajiyar gona. Ɗalibin da ya yi dukkan aikinsa a fadama zai zo kudu da ilimin da bai cika ba. Ba lallai ne sai an gina sabuwar kwaleji kafin a gyara wannan ba. Gonar gwaji ko ƙaramar cibiyar horarwa a yankin, inda ɗalibai za su riƙa zuwa aikin damina, manoma da makiyaya kuma su samu gajeren horo, abu ne da wakili zai iya nema a lokacin kasafi, ya kuma bi diddiginsa har a saki kuɗin kafin saukar ruwa.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin yankin Birnin Kudu da Gwaram da dangantakarsa da kwalejin aikin gona ta jiha. An nuna cewa Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisa isasshen iko na bincike da na riƙe baitulmali, an kuma kawo bukatun kwalejin da hanyoyi biyar da ake bi wajen duba su. An ga cewa ziyara ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin, kuma ba ta da amfani sai an haɗa ta da takardun abin da aka saki, da watan da aka sake shi, da komawa domin ganin an gyara. Daga ƙarshe an kawo matsalolin da ke rage wa aikin ƙarfi, da tambayoyin da ya kamata wakilan kudancin jihar su riƙa yi a madadin manoman da suka zaɓe su.